Muryarka a Kaset ɗin Alhazai

Ƙuba, Madina
Muharram 1403

Zuwa ga ɗana Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Kaltume da yara. Ni lafiya lau, sai ƙafafu da suka kumbura, sallah ma a zaune nake yi. Kada wannan ya dame ka, maƙwabcina Idrisa yana kawo mini abinci.

Alhazan bana sun bar mana kaset na babban taron jam'iyyarku. Muka saurara bayan la'asar a gindin dabino, ni da Sabo da Abdussamad, tsofaffi 'yan ƙasarmu da ke zaune a nan. Da aka ambaci wanda zai tsaya mataimakin shugaban ƙasa, Sabo ya ce, "Wallahi an sayar da mu." Abdussamad ya ce masa, "Tsohon banza, kai da ko ƙuri'a ba ka da ita!" Tun ranar ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba.

Ba wannan ya hana ni barci ba. Cikin ihun jama'a na ji wani kusa da lasifika yana cewa, "Ko a ba mu, ko a yi jini!" Na sa aka maimaita wurin. Ido ya tafi, Lurwanu, amma kunne bai manta muryar ɗansa ba. Na ji irin wannan ihun kafin yaƙin basasa, kuma na wanke gawar masu yinsa.

Don Allah ka koma shagonka. Na zo garin nan ne don kai ka ji labarin rasuwata, ba ni in ji taka ba.

Allah ya tsare ka.

Mahaifinka,
Malam Abdulsalam