Tsakuwar Gidan Yaya Ramiz

Zuwa ga Yaya Ramiz,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya can ƙasar waje, a Graz. Mu ma lafiya, in ban da baƙin cikin da ka aiko mana.

Yaya, me kogin nan ya yi maka? Shekaranjiya katafila ta shiga ƙasan gada ta cika tifa uku da tsakuwa. Direban ya ce na fandishon gidanka ne. A watan Afrilu! Kai da aka haifa a bakin ruwan nan, ka manta yanzu ne mladica, kifin salmon namu, ke tona tsakuwa da wutsiya ta binne ƙwai? Na san za ka ce Baba ma a nan ya ɗiba. Da kaka yake ɗiba, da shebur da baro.

Shekara tara ina ƙirga wa ƙungiyar masunta kifayen nan daga saman gada. Bana mata huɗu kacal suka hauro. Gurbi biyu ka kwashe, ƙwansu na cikin kankarenka. Gidan da za ka kwana mako biyu a shekara! Ka tsayar da aikin nan.

Ƙanwarka,
Fikreta

Zuwa ga Yaya Ramiz,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar yara, takardarka ta iso. Wai kifi ne kawai, wai don ban da miji ne nake renon kifi. Madalla. Jamusancin da kake yi a can ya ƙara maka baki, bai ƙara maka hankali ba.

Na kai ƙara wajen jami'in kula da ruwa, da hannuna na rubuta sunanka, sunan ubanmu. Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye maka ba, amma ban yi nadama ba. Sai dai ya ce ba zai samu zuwa ba sai mako mai zuwa, birkilanka kuwa ya ce saura tifa biyu ta baranda, gobe da safe. Gurbi biyun da suka rage suna nan daidai inda katafilar ta tsaya.

Don haka zan ɗauki kujerata da butar gahawa in zauna a kan tsakuwar, ruwa har gwiwa. Direban baƙo ne, bai san ko ni wace ce ba. Ta waya na turo maka wannan takarda don ta same ka yau. Ka buga masa waya ka gaya masa matar da zai tarar a gabansa ƙanwarka ce. Daga nan kai za ka faɗa masa abin da zai yi.

Ka gaida yara.
Fikreta