A Cire Sunanka Daga Takardar Bashi

Zuwa ga mijina, Baban Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa ni da Hafsa muna lafiya, muna nan a gidanmu na unguwar Ard al-Liwa, a ƙasar Larabawan nan da karatu ya kawo ka. Haƙoranta biyu sun fito, ba ka gani ba.

Wata takarda ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ofishin da ke ba ka tallafin karatu ya aiko cewa kuɗin hayar da suka ci gaba da biya wata huɗu bayan rasuwarka kuskure ne, a mayar musu. Ba yawan kuɗin ne ya karya min zuciya ba, ko da yake kitson da nake wa matan unguwa da kyar yake kai mu ƙarshen wata. Sunanka na gani a sama, a gurbin wanda ake bi.

Kai da ko tumatir ka ɗauka a wurin mai kayan miya ba canji, sai ka koma da ƙafa ka biya kafin la'asar, ina yi maka tsiya. Ka sha ce min, "Rabi, ina tsoron in kwanta da haƙƙin wani a wuyana." Ranar jana'izarka an yi cigiyar mai binka, ba wanda ya ɗaga hannu. Yanzu kana kabari za a ƙaƙaba maka?

Ka san ba ɓoyewa muka yi ba. Abokinka Malam Sani ya kai musu shaidar mutuwarka tun sati na farko, sai dai ya miƙa ya juyo, bai nemi a buga masa hatimi a kwafi ba. Halinmu ke nan, mun ɗauka an gani da ido ya wadatar. A ƙasar nan kuwa abin da ba hatimi bai faru ba.

Sau biyar ina zuwa ofishin nasu da ke unguwar Dokki da Hafsa a goye. Da guntun Larabcin da ka koya min, kana dariyar yadda nake furta shi, na ce musu ina takaba ne a watannin nan, kuma su suka karantar da kai cewa mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta. Ina zan zauna in ba a biya haya ba? Ko fam ɗaya na kuɗin bai shigo hannuna ba, wurin mai gida ya tafi. Ma'aikacin ya sunkuyar da kai ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, doka ce.

Na yi kuka a gabansu, Malam, ban ji kunya ba.

Ba su yafe ba. Da na ga haka sai na daina roƙon yafiya, na roƙi abu ɗaya: su soke sunanka su rubuta nawa. Suka yi ta kallona, wai ba a taɓa neman haka ba. Jiya suka yarda, zan riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Na tsaya har aka buga hatimi, na karɓi kwafi.

Ban san yadda zan biya ba, kuma ina kewarka har ƙirjina yana ciwo. Amma ka kwanta da daɗi, ba mai binka ko sisi. Ni ake bi.

Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Matarka har gobe,
Rabi