Tsiron da Zai Rufe Kabarin Mama

Tamanrasset, Aljeriya

Yaya Prisila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya su Naomi? Ki gaishe mini da Baba Habila, ina fata ƙafar tasa ta yi sauƙi.

Ni lafiya lau. Har yanzu ina aikin lambu a gidan Balaraben nan, a ɗakin injin ruwa nake kwana. Ba na fita sosai saboda masu kamen baƙi, amma abinci ba laifi.

Kin ce ruwan bana ya zaizaye kabarin Mama. Na ba Ɗanmaraya direba rassan wani tsiro cikin jiƙaƙƙen buhu, zai sauke miki a Magama. Romaran ake kiransa a nan. Na ce masa idan ma'aikatan boda sun tambaya, ya murza ganyen su sunsuna, kayan miya ne.

Wannan irin ba ya yin tsawo, shimfiɗuwa yake yi, saiwarsa ta riƙe ƙasa. Ki soke rassan inda ruwa ba ya kwanciya, ki haɗa ƙasar da yashi da tsakuwa. Ki riƙa yayyafa masa ruwa kaɗan har ya kama, sannan ki ƙyale shi. Na san hannunki, Yaya, safe da yamma kike ban ruwa kamar lambun albasa. Kika yi wa wannan haka, ruɓewa zai yi.

Ranar da aka binne Mama ina nan ina gyaran furannin wani, ko ƙasa ban zuba ba. Idan tsiron ya rufe kabarin, ki turo mini hoto.

Ƙaninki,
Obadiya