Buhu Ashirin a Kan Katako

Gesse, Birnin Kebbi, Litinin

Yaya Sirajo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ba direbanka wannan takarda, tunda wayarka ba ta shiga in batun sito ne.

"Humaira, ashirin kika ce, ashirin muka ɗora." Da haka Kawu Munzali ya tare ni yau a bakin sitonsa. Kuma bai yi ƙarya ba. Da na tsara masa kantocin ƙarfen nan, hawa huɗu, yadda motar ɗaga kaya za ta ciro kowane katako ba tare da ta taɓa na kusa ba, na rubuta buhun shinkafa ashirin a kan kowane katako. Buhun kilo hamsin nake nufi. Naku na Argungu, wanda ake dannawa da ƙafa a ɗinka masa ƙari a baki, na auna shi: tamanin da bakwai.

Ƙarfen hawa na uku ya fara lanƙwasa. A ƙarƙashinsa mata masu tsince tsakuwa ke zama. Kawu ya ɗaga kai ya duba, ya ce ƙarfe ne, zai saba. Laraba yake so in sa hannu cewa kantocin lafiya suke. Ya tuna mini shi ya kai ni jami'a, sau biyu kafin azahar.

Don Allah ka dakatar da lodi.

Ƙanwarka, Humaira.

Argungu, Talata

Humaira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Kin san tun da Baba ya rasu Kawu ya riƙe mu, ba mu taɓa ce mishi a'a ba. Manomi kuma ba ya rage buhu, dariya za a yi mishi a kasuwa. Shinkafar da munka saya tana fili, ga hadari kullum. Tirela biyu na tafe gobe. Ki sa hannu, ki ce matan su matsa gefe. Allah shi tsare.

Yayanki, Sirajo.

Gesse, Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ce su matsa. Inna Tamba, babbarsu, ta dubi sama, ta dubi hagu da dama, ta ce, "Ɗiyata, zuwa ina?" Ko'ina kantoci ne. Ni na tsara wurin, ban bar gefe ba.

Ban sa hannu ba. Da Kawu ya tafi masallaci na fitar da kowa, na ja ƙofar, na sa kwaɗo. Makullin yana cikin ambulan ɗin nan. Tirelolinka na bakin ƙofa. In kana son a buɗe, ka zo da kanka, ka fara tsayawa ƙarƙashin hawa na uku.

Mai keken da zai kai ni gida yana jirana. Ka huta lafiya.

Humaira.