Fasfon Safiyyah

Litinin, 6 ga Mayu

Safiyyah ta dawo da yamma ta durƙusa ta ce, "Baba, an zaɓe ni." Wai a ƙungiyar wasan kurket ta mata ta ƙasa. Za su yi sansani a Abuja, daga nan su wuce Kigali ta ƙasar Ruwanda, kuma ana son fasfonta kafin ƙarshen mako mai zuwa. Uwarta Hajara har da guɗa. Ni kuwa na yi aiki a filin jirgi har na yi ritaya, na ga ’yan mata sanye da riguna iri ɗaya an ce ’yan wasa ne, aka tafi da su, iyayensu suka yi ta zarya wurinmu suna kuka. Wasan da ko a majalisarmu ba wanda ya san shi, shi ne za a hau jirgi dominsa?

Laraba, 8 ga Mayu

Na ɗauke fasfon daga durowar Hajara na kulle a akwatina. Ta gani.

Juma’a, 10 ga Mayu

Kocin nasu ya zo gaishe ni bayan masallaci. Misbahu sunansa. Ladabinsa ya yi yawa, shi ne abin da bai kwanta mini ba. Na tambaye shi wa ke biyan jirgi, ina za su sauka, wace mace ce za ta kula da su. Duk ya amsa ba gargada, kamar wanda ya haddace. Ya ba ni lambar wata mata a Abuja. Na kira, ta yi ta Turanci mai daɗi. To, ai macuta ma suna da mai ɗaga waya.

Asabar, 11 ga Mayu

Na bar Safiyyah ta fita, sannan na tari adaidaita sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi na bi bayanta har filin wata makaranta a Tarauni. Na laɓe gindin dalbejiya. Da gaske dai akwai wasan. Sanduna uku a kafe, wata na tsaye gabansu da faffaɗan katako, Safiyyah ta taho a guje ta wulwula hannu ta saki ƙwallo. Sandar tsakiya ta yi tsalle. ’Yan matan suka yi ta ihu suna rungumarta. Ban san hannunta na da wannan ƙarfin ba, yarinyar da ke cewa bokitin ruwa ya yi mata nauyi.

Amma wasan gaske ma ana iya fakewa da shi.

Talata, 14 ga Mayu

Na je Unguwa Uku binciken Misbahu. Mai shagon kusa da gidansu ya ɗauka maganar aure ce, ya ce, "Alhaji, ai yana da iyali, amma mutumin kirki ne." A bakinsa na ji abin da ya tsaya mini a rai. Ashe Misbahu yana da ’ya, Zahra’u, ita ma tana wasan, kuma ita ce ke biye. Idan Safiyyah ba ta je ba, ita za a ɗauka. To me ya sa yake matsa wa tawa ta tafi? Ko dai ya san abin da ke can ne yake ɓoye tasa?

Laraba, 15 ga Mayu

Safiyyah ba ta ci tuwo ba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, gara ma a ce ta yi. Hajara ta ce, "Malam, kana tsare ta ne ko kana tsare tsoronka?" Na fita majalisa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na tare Misbahu a fili, na faɗa masa zargina ƙiri-ƙiri. Idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Baba, Zahra’u ba ta kai ta ba. Ta sani, ni ma na sani. Shekaranjiya sun kira sun ce in babu fasfo in turo tawa, na roƙe su su ƙara mini kwana biyu." Yarinyar tana gefe tana ɗaure takalmi, duk ta ji. Ta taso da abin kare ƙafar nan nasu ta miƙo mini. "Baba, a ba Safiyyah, nata ya yage." Ta juya da sauri don kada in ga fuskarta. Na gani.

Juma’a, 17 ga Mayu

Na ba Misbahu fasfon. Na ɗauki hoton katin shaidarsa da lambar babur ɗinsa, na kuma gaya masa na san gidansu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Mun raka ta tashar Unguwa Uku. Na ce ta kira ni a kowane gari suka tsaya. Ta kira daga Zariya, ta kira daga Kaduna. Da ta isa ta nuna mini ɗakinsu a waya, da matar nan mai Turanci. Dattijuwa ce ashe, da tabarau.

Asabar, 1 ga Yuni

Suna Kigali. Jiya ta turo saƙon murya, wai ta fitar da mutum biyu daga wasa amma an ci ƙungiyarsu. Muryarta garau. Na saurara na sake saurara, ko zan ji alamar wani na tsaye a kanta. Babu.

Yau na koma filin Tarauni. Muddin Misbahu yana inda nake ganinsa hankalina ya fi kwanciya, shi ya kai ni. Na tarar bai iso ba, Zahra’u ce kaɗai da katakonta, ba mai jefa mata. Ta ce, "Baba, ko sau ɗaya." Na cire babbar riga na rataye a reshe. Jifan farko ko kusa da ita bai je ba, ta yi dariya har ta zauna. Ta nuna mini yadda ake miƙe hannu kada gwiwar ta lanƙwashe. Muna nan har rana ta yi zafi.

Kafaɗata na ciwo. Na ce wa Hajara iskar fanka ce. Zahra’u ta ce Talata ma suna nan. Sai dai in nemi takalmin da ya fi wannan.