Sha Bakwai Ta Koma Ashirin da Takwas

Litinin, 4 ga Satumba
Allunan hanyar keke goma sha ɗaya na sauya yau, daga madatsar teku zuwa gonakin albasa. Hukumar gari ta ce a sake lambobin mahaɗa, ni ne ɗan sa-kai na yankinmu, na sake. Sau biyu na duba takarda. Sai da na ɗaure allo na ƙarshe na tuna da Baba.

Talata, 5 ga Satumba
Baba bai san shekarar da muke ciki ba, amma ya san lambobin hanyarsa: 41, 17, 63, gida. Kullum yakan bi su a kekensa bayan ya sha kofi ƙarfe goma. 17 ta zama 28 yanzu. Da hannuna.

Alhamis, 7 ga Satumba
Ya ɓata. Awa huɗu. Adrie mai kifi ya kawo shi, keken a bayan mota cikin akwatunan ƙanƙara. Ya ce, "Wannes, tsohonka Ingila ya nufa, teku ce ta tare shi." Na yi dariya don kada in yi wani abin. Baba ya ce wani sakarai ne ya sace masa sha bakwai.

Asabar, 9 ga Satumba
Yaya Jacomien ta kira. "Ka karɓe keken, ko in nema masa ɗaki a gidan tsofaffi." In an raba shi da keke, me ya rage? Na roƙe ta mako guda.

Lahadi, 10 ga Satumba
Na manna 17 ta takarda a kan 28. Jamusawa biyu masu hutu suka ɓace. Ruwan sama ya cinye takardar. Kunya kawai.

Talata, 12 ga Satumba
Na liƙa masa sababbin lambobi a hannun keke. Ya ɓare. "Kai yaro, kana cikin tsumma nake bin hanyar nan."

Juma'a, 15 ga Satumba
Na mayar da aikina zuwa yamma. Yau na bi shi a baya, nesa-nesa, iska tana dukan fuska. A 28 ya tsaya, ƙafa biyu a ƙasa, yana waige-waige. Na wuce shi a hankali, ban yi magana ba. Ya biyo ni har ƙofar gida.

Muna cin burodi da cuku ya ce wani mutumin kirki ne ya nuna masa hanya, da zai so in san shi.

Na rubuta wa Jacomien cewa ya dawo lafiya. Sauran ban rubuta ba. Gobe ma zan bi shi, ƙarfe goma da kwata.