Sai Ruwan Ya Washe

Zuwa ga sanyin idona, farin watan da ya leƙo shagon aski ya mantar da ni inda na ajiye almakashi, wadda masu zaman bencina suka laƙaba wa Likitar Kifi, ni kuwa na ce har da mai kifin take yi wa magani! Sallama gare ki, da fatan kin tashi lafiya, ke da Mama da ƙannenki.

Na san za ki ce me ya hana ni zuwa da ƙafata, tunda tsakanin shagona da shagonku na kifayen ado bai wuce a tsallaka titi a sha kwana ba. Ke kika hana ni, ko da ba ki sani ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Tun ranar da na sayi akwatin gilashin kifin nan a hannunki, na kafa shi tsakanin kujerar aski da ƙofa, nake ƙirƙiro dalilin komawa wurinki. Yau gishiri, gobe abincin kifi, alhali na wancan makon ko buɗe shi ban yi ba. Sai ga dalili na gaske ya zo da kansa. Ruwan ya soma yin rawaya-rawaya kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ni kuwa mai aski ne, in na ga gashi ɗaya ya fita layi ba na barinsa ya kwana. Na kwashe ruwan kusan duka, na wanke duwatsu da soson matatar ruwan tas a bakin famfo, na tuttula sabon ruwa, na watsa gishiri a ciki kai tsaye, na kuma ƙara wa kifayena biyu masu ruwan lemo da ratsin fari abinci, wai ina ba su haƙuri. Da gari ya waye sai na tarar da madara! Fari fat, ko hannuna ba na hangowa ta ɗaya gefen, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Nan take na aika a kira ki.

Wayyo, shigowarki a wannan safiya! Wa ya taɓa ganin nutsuwa tana tafiya da ƙafa biyu? Ba ki yi salati ba, ba ki yi faɗa ba. Kika nemi farin kofi, kika ɗebi ruwan, kika ɗaga shi a hasken ƙofa, kika sunsuna. Kowa a benci ya zuba miki ido, har wanda na bari da rabin kai a aske bai yi ƙorafi ba. Kika ce ruwa da launi yake faɗin ciwonsa. In kore ne, rana ce ta taga take kiwon gansakuka. In rawaya ne, ragowar abinci da kashin kifi ne suka narke, 'yar jakar gawayi a matatar ruwan ta wadatar. In kuwa fari ne irin nawa, ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suka yi ambaliya, domin na wanke na kirkin da ke zaune cikin soso da duwatsu suna cinye ƙazanta. Ashe tsabtar tawa ce cutar. Muryarki tana sauka a hankali kamar yayyafin farko, ni kuma kunya na rufe ni, daɗi na buɗe ni.

Da yatsunki masu kyau kika ɗaga bakin famfon akwatin don ya riƙa motsa saman ruwa, kifayen su sami iska. Kika sa gawayi, kika ja labule. Kika ce abinci kada ya wuce abin da yatsu biyu za su tsinta, gishiri kuma a bokiti ake dama shi a bar shi ya narke sarai. In ruwa ya ragu, in cika da mara gishiri, domin ruwa ne ke tashi sama, gishirin yana nan inda yake. Da na tambayi saura me, kika dubi hannayena kika ce saura in zuba su a aljihu.

Ni da gaggawata, a bakin ƙofa na tare ki, na ce ki ba ni izini in turo kawunnena wurin Mama. Har yau ina jin amsarki kamar yanzu kika faɗe ta: “Mai aski, wanda ba zai iya barin ruwa ya kwanta ba, yaya zai yi da mace ranar da ranta ya dagule? In ruwan ya washe da kansa, ka neme ni.”

Ya ke murjanin zuciyata, kin san irin aikin da kika ba ni kuwa? Kafin ruwan ya gyaru sai da ya ƙara lalacewa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, idona na kan bokiti, bokiti na kallona. Wani tsohon direba da ke aski a wurina ya rantse akwai maganin kwalba da zai share shi kafin in gama masa gemu. Na ce Baba, a bar maganar. Yayata ta leƙo ta gan ni tsaye hannu a aljihu, ta ce, “Ikon Allah! Kai da ko tukunya ba ka bari ta tafasa? Wace ce wannan, in je in gode mata?” Sau nawa na tsallaka titi na kai kwanar shagonku, na juyo? Kewarki ta hana ni sakat, amma na gane in na zo kafin lokaci, na sake kwashe ruwan ke nan.

Yau da na buɗe shago na yaye labule, sai na tsaya cak. Ruwan ya washe! Garau, har ƙwayar yashi ana ƙirgawa, kifayen nan biyu suna zagaya dutse kafaɗa da kafaɗa. Na koma bayan kujerar aski na leƙa ta cikin gilashin, sai ga ƙofar shagona tar, da labulenta da dokinta, ƙofar da kika shigo ta cikinta, kika kuma fita da amsata.

Ba zan matsa miki ba, hasken rayuwata. Ki zo ranar da kika ga dama, farin kofin yana nan a wanke, ki ɗiba ki duba da idonki. Alkawarin da nake miki ɗaya ne. Ranar da ranki ya dagule a gidana, ba zan kwashe ba, ba zan wanke ba, ba zan tuttula miki surutu ba. Zan dubi launin damuwarki, in ja labule, in zauna kusa da ke har ki washe.

Ƙuruciya za ta tashi, baƙin gashin nan da nake taƙama da shi zai tashi, ni da nake aske furfurar mutane na fi kowa sani. Abin da ke raina game da ke kuwa gishirin ne, yana nan inda yake.

Naki, yau da gobe da bayan gobe,
mai askin da ke kallon ƙofa ta cikin ruwa, hannunsa a aljihu.